Baiwa ce ko aikin kullum? Darasin yumɓu da fensir ga malamai da iyaye

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, mu malamai da iyaye: "Wane yana da baiwar zane." Da an faɗe ta, zance ya ƙare. Yaro ɗaya ko biyu a cikin aji su ne masu baiwa, su ake kira su zana taswirar Nijar a babban allo idan baƙi za su zo, sauran kuwa an sallame su. Abin mamaki, ba mu yin haka da karatu ko lissafi. Ba malamin da zai dubi uba ya ce masa, "Ɗanka ba shi da baiwar haɗa baƙi, a ƙyale shi." Mun san karatu aikin yau da gobe ne. Ra'ayina shi ne zane da ginin yumɓu ma haka suke, kuma abin da yaro ke samu a cikinsu ya wuce hoto mai kyau da za a manna a bango. Don in kafa hujja, zan kawo yadda wani shahararren mai wannan sana'a ya tafiyar da kwanakinsa, sannan mu dawo gida mu dubi namu.

Ɗaki ɗaya, shekara arba'in

Alberto Giacometti, wanda ake furta sunansa Jakometi, an haife shi a 1901 a wani ƙauye cikin duwatsun Suwis, dab da iyakar Italiya. Mahaifinsa mai zane ne. Yana da kamar shekara 13 ya gina siffar kan ƙaninsa Diyego, ita ce ta farko da aka sani daga hannunsa. A 1922 ya tafi Paris koyon sana'a, kuma a ƙarshen 1926 ya kama hayar wani ɗaki mai faɗin murabba'in mita 23 ko kusa da haka, wato bai kai rabin ajin lakwal ba. Rufinsa ma yana yoyo. A wannan ɗaki ya yi aiki har rasuwarsa a 1966, in ban da shekarun yaƙin duniya na biyu da ya yi a Janeba. Ya yi suna, ya samu kuɗi, ya ci babbar kyautar sassaƙa a birnin Benis a 1962, amma bai canza ɗaki ba.

Ranarsa kusan iri ɗaya ce kullum. Da rana wani ya zauna gabansa bisa kujera, yawanci Diyego ko matarsa Anet, shi kuma yana kallo yana zane ko gini har haske ya ƙare. Ya sa alama da fenti a ƙasa inda ƙafafun kujera za su tsaya, don kada tazarar da ke tsakaninsu ta canza daga yau zuwa gobe. Da dare ya koma kan yumɓu, yana gina abin da ya rage a idonsa daga kallon da ya yi da rana. In ya gaji, sai ya jiƙa tsummoki ya rufe aikin don kada ya bushe. Washegari ya buɗe, sau da yawa ya rushe abin da ya yi jiya ya sake daga tushe. Abin da ya tsira daga hannunsa, Diyego ne ke ɗaukar siffarsa cikin filasta kafin a kai wa masu zubin tagulla.

Fensir kuwa ba ya barin hannunsa. Yana zane a gefen jarida, a cikin littafin da yake karantawa, a takardar da aka shimfiɗa bisa tebur a gidan shan kofi, har a bangon ɗakinsa. Bayan rasuwarsa an ciro waɗannan bangaye an adana su, suna nan a Paris ana kallonsu. Duk tsawon rayuwarsa yana kwaikwayon ayyukan mutanen da, musamman na tsohuwar Masar, daga littattafai da gidajen tarihi. Abin gogewa kuma a wurinsa kayan aiki ne kamar fensir: ya ja layi, ya goge, ya sake ja, har takarda ta nuna sawun neman da ya yi.

Labari biyu sun isa su nuna irin haƙurinsa. A 1935, lokacin ya riga ya yi suna a Paris, sai ya ga cewa bai iya gina kan mutum yadda idonsa ke ganinsa ba. Ya yi niyyar komawa kallon mutum a zahiri na sati biyu, ya gyara hannunsa. Sati biyun nan suka zama shekara biyar, daga 1935 zuwa 1940, yana zaune gaban kai ɗaya ko biyu kullum. Sannan a 1964 wani marubuci ɗan Amurka, James Lord, ya yarda ya zauna masa, da tunanin aikin yini guda ne. Sai da ya zauna sau 18, yana ta ɗaga ranar tafiyarsa, domin kusan kowace rana Jakometi yana shafe fuskar da ya zana ya sake.

Ba komai na rayuwarsa nake yabawa ba. Mutum ne mai yawan shan taba da ƙarancin barci, jikinsa ya biya bashin, ya rasu yana da shekara 64. Abin da nake so mu ɗauka shi ne tsarin aikin. Mutumin da duniya ta yarda cewa yana da baiwa shi ne wanda ya fi kowa ƙin dogaro da ita. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Abu uku da ke cikin wannan tsari

Na farko shi ne kallo. Akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya sani da abin da ya gani, kuma duk malamin da ya taɓa cewa yara su zana gida ya ga wannan da idonsa. A Damagaram ko Tawa, yaro zai zana maka gida mai rufi kamar hula, da taga biyu, da bututun hayaƙi a sama, da rana a kusurwar takarda. A wace unguwa ya ga bututun hayaƙi? A littafi ya gani, ko a kayen yayansa, wanda shi ma a littafi ya gani. Soron da ya kwana a ciki, zauren da ya bi ya fito, indararon da ke zubo ruwa da damina, rumbun da ke bayan gida, duk ba su shiga takarda ba, domin ba a taɓa ce masa ya tsaya ya dube su ba. Ya haddace gida kamar yadda yake haddace jimlar Faransanci da bai san ma'anarta ba. Idan ka ajiye tulu bisa tebur ka ce ya zana wannan tulun, da wuyansa da ya ɗan karkace da guntun bakinsa da ya fashe, ka tilasta masa abin da makarantarmu ba ta cika nema ba: ya amince da idonsa, ya gwada abin da ya yi da abin da ke gabansa, ya gano da kansa inda suka saɓa. Kwaikwayo ba laifi ba ne, Jakometi ma ya yi ta kwaikwayo. Matsalar ita ce yaro ya yi shekara shida bai zana komai ba sai abin da wani ya riga ya zana masa a allo.

Na biyu shi ne gyara ba tare da kunya ba. A cikin aji, kuskure abu ne da jan bik ke kewayewa, ya zauna a kaye har ƙarshen shekara, uba ya gani, wani lokaci bulala ta biyo baya. Shi ya sa yaranmu da yawa suka gwammace su yi shiru da su gwada. Yumɓu ba ya riƙe laifi. Ka matsa ya lotsa, ka mayar ya koma. Gefe ya yi kauri, ka kankare. Ya ƙi duka, ka dunƙule ka sake, ba ka yi asarar ko dala ba. Yaron da ya rushe kaskonsa sau biyar ya ga na shida ya tsaya, ya koyi wani abu game da kuskure wanda nasiha ba ta iya koya masa. Kuma ba malami ne ya ce masa bai yi daidai ba, kaskon ne ya tsage a gabansa, sai ya nemi dalili.

Na uku shi ne tsumma mai lema. Kusan duk aikin da muke ba yara yana farawa ya ƙare cikin darasi ɗaya. An buga ƙararrawa, an karɓi takardu, an sa maki, an wuce. Amma ba wani aikin kirki a rayuwa da yake haka. Gona ba ta haka, gini ba ya haka, haddar Alƙur'ani ba ta haka. Mai yumɓu ya san cewa aikin yau zai kwana bai ƙare ba, kuma dole ya tanade shi yadda gobe zai iya ci gaba. In ya manta bai rufe ba, iskar hunturu ta busar da shi, aikin kwana uku ya tafi. Da safe kuma in ya buɗe, zai ga aibin da jiya idonsa ya gaji bai gani ba. Yaro ɗan shekara tara da ya saba dawowa kan aiki guda kwana biyar a jere ya samu tarbiyya da za ta bi shi har cikin rubutun insha'i da lissafi mai tsawo.

Ba sai mun je Turai ba

Wani zai ce wannan labarin Bature ne mai cin abinci a gidan kofi, ina ruwan ɗan Maraɗi da shi? To, mu dubi kusa. Hoton Jakometi ya daɗe bisa takardar faran 100 ta Suwis. A maƙwabciyarmu Nijeriya kuwa, duk wanda ya taɓa juya takardar naira 20 ya ga wata mata tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa wajen 1925 a garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun ƴar'uwar iyayenta, irin ginin gargajiya da ake ɗora yumɓu igiya bisa igiya, mai gini yana kewaya tukunya da ƙafarsa. In randa ta ɗan sha iska, sai ta zana mata ado da tsinin ƙarfe ko icce: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, tsuntsu, a tsakanin layuka da aka tsara da ƙa'ida. Gini da zane a wurinta aiki ɗaya ne.

Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, yana tara randunanta a gidansa. Wannan Abuja ita ce ake kira Suleja a yau. A can wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya buɗe a garin, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da injin juyi da sabuwar hanyar gashi, ba ta kuma yar da ginin hannu da ta gada ba. A 1962 ta je Ingila tana nuna yadda take gini, masana suna tsaye suna kallo. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ita da ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1984. Abin da ya kai ta can hannu ne da ya taɓa yumɓu tun ƙuruciya, shekara da shekaru, har ya san kaurin randa ba tare da ma'auni ba.

A cikin ƙasarmu ma abin yana nan. Tukwanen Mirya kusa da Damagaram sun yi suna, haka na matan Bubon a bakin kogi kusa da Yamai. Adon da magina suka yi a fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram zane ne da aka yi da laka. A ƙauyen Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aka yi ta ƙara masa hasumiyoyi da ado cikin shekaru, har ya ci kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine a 1986. A Bura kuma, wajen Tera, an gano kayan gasasshen yumɓu a 1975, masanin tarihi Bube Gado ya tona wurin a 1983, aka fito da ayyukan mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin mu. Ƴaƴanmu ma ba su jira izinin kowa ba: da damina ta sauka za ka gan su bakin tabki suna gina shanu da dawaki da motocin laka, ƴan mata suna gina ƙananan tukwane. Wato sha'awar tana nan, kayan aikin suna nan, gwanayen suna nan. Lakwal ce kawai take rufe ƙofa ta bar su a waje, gida kuma ya tare yaro da faɗa don ya ɓata riga.

Hujjojin masu ja da baya

Akwai dalilai na gaske da ke sa malamai da iyaye ɗari-ɗari, kuma bai kamata a yi musu dariya ba.

Na farko addini ne. Jakometi siffar mutane yake ginawa, kuma uba Musulmi yana da haƙƙin ya tambaya ko abin da za a koya wa ɗansa ke nan. Amsata ita ce a'a. Malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawanmu ke bi, sun fi tsanantawa a kan cikakkiyar siffa mai inuwa ta abu mai rai. Icce, ganye, gida, tukunya, dutse kuwa, jumhurin malamai ba su ga laifin zana su ko gina su ba. Fatawa aikin malaman addini ne, duk wanda ke da shakka ya tambaye su. Abin da ni na sani a matsayina na malamin aji shi ne duk abubuwa ukun da na lissafa, kallo da gyara da dawowa kan aiki, ana samunsu cikakku daga ganyen mangwaro, ƙwarya, buta, takalmi, zangarniyar hatsi ko ƙofar masallaci. Shekara guda ba ta isa a ƙare abubuwan da ke tsakar gida ɗaya ba. Babu dalilin da zai sa makaranta ta shiga rigima da iyaye a kan abin da darasin bai ma buƙata ba.

Na biyu lokaci ne, kuma shi ya fi nauyi. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƴan firamare a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa a ƙarshen firamare yaran Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma mafi yawa har a lokacin ba su kai ba. Malamin da ke da aji cike maƙil, wasu a rumfar zana, zai ce: yaran da ba su iya karatu ba za ka ba laka? Na fahimci wannan. Ban ce yumɓu zai koya wa yaro karatu ba. Amma a duba abu biyu. Ɗaya, zane da ayyukan hannu, waɗanda muke kira APP, suna cikin tsarin karatu tun tuni. Ba sabon lokaci nake nema ba, wanda aka ware nake cewa a daina cinyewa da sharar fili ko kwafar darasi. Biyu, yaron CI da ke fama da riƙon alli, wanda ba ya bambance b da d ko p da q, matsalarsa ta ido da hannu ce. Haruffan nan siffa ɗaya ce da aka juya. Yaron da ya saba duban ina hannun buta ya fuskanta, dama ko hagu, sama ko ƙasa, yana yin atisayen da haruffa ke nema.

Lissafi ma yana da rabo. Duk wanda ya bi ta Ekol Normal ya ji sunan Jean Piaget, da gwajin da ya yi da dunƙulen yumɓu biyu masu girma ɗaya: a mulmule ɗaya ya yi tsawo, sai ƙaramin yaro ya ce mai tsawon ya fi yawa. Sai wajen shekara 7 ko 8 yake gane cewa canza siffa ba ya canza yawa. Mun haddace wannan don jarabawa, amma yara nawa muka ba dunƙulen su gwada da hannunsu? A CM muna zana siffofi masu jiki a allo, wanda shi shimfiɗaɗɗe ne, mu yi ta mamakin yadda yara ba su gane ba. Bari su gina rumbu da jinkarsa, su yanka shi da zare su ga abin da ke fitowa a wurin yankan. Bari su mulmula sanda mai santimita 10, su auna ta bayan kwana uku su ga ta ragu, su tambayi ina sauran ya tafi. Darasin awo ne da na kimiyya a lokaci guda, kuma ba a sayi komai ba.

Na uku shi ne tambayar uba: me zai ci da shi? Gaskiya ne a 2010 an sayar da wani aikin Jakometi a Landan a kan fam miliyan 65, amma shekara 44 bayan rasuwarsa, kuma ba zan yaudari kowa da wannan ba. Mafi yawan yaranmu ba za su zama masu zane ba, kamar yadda mafi yawan masu koyon lissafi ba su zama malaman lissafi. Sai dai a dubi inda suke zuwa bayan makaranta: ɗinki, gini, kafinta, walda, gyaran babur da salula, ƙira, dukanci, aikin likita. Wanne ne a ciki ba ya neman ido mai lura da hannu mai natsuwa? Telan da zai dubi hoton riga ya fitar da yankanta, maginin da zai karanta zanen gida, ma'aikaciyar jinya da za ta lura cewa kumburin yau ya fi na jiya, dukansu da kallo suke cin abinci. Akwai kuma raini da muke yi wa sana'ar yumɓu, kamar aikin wanda bai samu abin yi ba ne. Alhali randa da tulu suna sanyaya ruwa a gidajen da wutar lantarki ba ta kai ba.

Abin da za a iya farawa da shi

Ga malamai, shawarata ƙarama ce. Minti 15 na zane kowace rana sun fi awa biyu sau ɗaya a wata. A ajiye abu ɗaya na gaske inda kowa zai gani, a bar shi sati guda a wuri ɗaya, a sa alama da alli a inda yake tsaye, kamar yadda Jakometi ya yi da kujerarsa. Wanda ba shi da kaye ya yi a ardwaz. Wanda ke da shi ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashin kowane zane, kada a yage ko ɗaya. Ranar Juma'a yaro ya jera na Litinin da na ranar, ya faɗi da bakinsa abin da ya gani yau wanda bai gani ba da farko. Wannan maganar da zai yi, da Hausa ko da Faransanci, ita kanta darasin harshe ce. Kada a sa maki bisa goma. In an sa, masu "baiwa" biyun nan za su kwashe, sauran su koma inda suke.

Yumɓu kuma sau biyu a sati ya isa, amma a kan aiki ɗaya da ake ci gaba da shi. A haƙo shi a bakin tabki, a shanya, a daka, a tankaɗe tsakuwa, a jiƙa ya kwana, a cuɗa. A gauraya shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi don ya rage tsagewa. A ajiye cikin leda ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu a inuwa, a naɗa yara biyu kowane sati su kula da lemar. A bari abin da aka gina ya bushe sannu a inuwa, domin rana da iska suna busar da sirara kafin kaurara, a nan tsaga ke fitowa. Mafi kyau duka, kwamitin iyaye ya gayyato maginin tukwane ko maginiya ta gari su yi aiki a gaban yara, a karɓe su da girmamawar da ake yi wa baƙon malami, a kuma biya su ladan yininsu. Malami kuma ya zauna ya zana tare da yara, ko da hannunsa bai faɗa ba. Ganin mushe yana gogewa yana sakewa darasi ne babba.

Ga masu horar da malamai, roƙona shi ne a daina ɗaukar zane a matsayin dabarar ƙawata allo kawai. Ɗalibin da zai zama malami ya riƙe kayen zane tun daga ranar shigarsa har fitarsa, shafi ɗaya kullum. Wanda bai ɗanɗana wannan da kansa ba, ba zai yarda yana da amfani ga yara ba.

Ga iyaye, ku ne kuka fi kowa sauƙin aiki. Ku ware wa yaro tsohuwar riga ta laka, da wani lungu a tsakar gida inda ba za a share masa aiki ba. In ya kawo zane, maimakon "ya yi kyau" ko "wannan mene ne haka", ku ce ya kai ku ku ga abin da ya zana, ku duba tare. Ku tambaye shi me zai gyara gobe. Ƴan mata kuma kada a bar su a baya da hujjar aikin gida, domin minti 15 ba su hana tuwo dahuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yumɓu ma tun yana da lema. Shekarun firamare su ne lokacin da yaro bai fara jin kunyar hannunsa ba. In muka bari suka wuce, zai girma yana cewa shi ba shi da baiwa, alhali damar gwadawa ce ba a ba shi ba. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.